Hoton da Ya Cinye Gonar Inna

Ranar Juma'ar da ta wuce ina zaune a falon ɗana Sani, ya yi baƙi, sai jikata Ummi ta tambayi ubanta wace irin kyamara ya kamata ta saya don karatun da take yi: ƙarama wadda ake jefawa a jaka a danna kawai, ko babba wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani. Yarinyar ba ta rufe baki ba Sani ya nuna kabad ɗin gilashi inda ya kafa tsohuwar kyamarar babanku kamar kayan ɗakin amarya, ya ce babba mana, irin ta Baba. Daga nan ya ɗora da labarin da na gaji da ji, wai kakarku Inna, mahaifiyata, saboda tsabar tsoron Allah ta gwammace ta rasa gonarta da a ɗauke ta hoto. Baƙinsa suka hau kaɗa kai suna Allah Ya jiƙan rai. Ni ba na ƙaryata ɗana a gaban baƙinsa, amma da na dawo gida ko mayafi ban cire ba na nemi biro. Shekara da shekaru ke nan ina jin wannan magana ina haɗiyewa. Yau dai, ku 'ya'yana, za ku ji yadda aka yi, ran wanda zai ɓaci ya ɓaci.

Shekarar da nake nufi tana cikin shekarun nan na tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madara da shinkafa sai an bi layi, damina kuma ta yi mana rowa sau biyu a jere. Masaƙar da babanku yake aiki a birni ta sallame su rana ɗaya, ya dawo ƙauye da keke da agogon hannu da zuciya a wuya. Ƙauyenmu kun san shi, tsakanin Ungogo da Dawakin Tofa, inda gona take manne da gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko shingen lalle, ba kuma wani daji da mutum zai sara ya ƙara. Gonar gidansu babanku su bakwai ne a kanta, rabonsa ba zai riƙe mu wata uku ba. Wata shida ya yi yana zaman dakali kafin ya ji labarin Malam Garba, wani tsohon malamin makaranta a Dawakin Tofa, wanda zamani ya matse har zai rabu da kyamarorinsa guda biyu. Babanku ya ce sana'a ta samu. Na ce to, na kwance tumakina biyu da nake kiwo tun aurena na ba shi ya kai kasuwa. Saboda haka kada wani a cikinku ya ce min ba ni da bakin magana a kan kyamarar nan.

Malam Garba mutumin kirki ne. Ya ba shi duka biyun ya zo da su gida, ya kwana biyu yana dubawa kafin ya zaɓa. Babbar ita ce wadda kuka sani, baƙa, mai nauyi, da jakar fata da idanu uku: gajere, matsakaici, da wani dogo kamar guntun taɓarya. Ita ba ta aiki sai ka kara idonka a 'yar tagar da ke bayanta, ka zuba wa mutum ido, ka riƙa murɗa zobe a hankali har fuskarsa ta fito tar, sannan ka danna. In ba ka kalla ba, ba ka ɗauka ba. Ƙaramar kuwa ba ta fi sabulun wanki girma ba, ba abin murɗawa ba abin cirewa. Ka ja baya taku uku, ka nuna ta inda mutum yake, ka danna, shi ke nan. Bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma ya baje su, yana ta shafa babbar da bakin rigarsa. Ni kuwa na ɗauki ƙaramar na juya ta a hannuna, nan take na ga abin da shi bai gani ba.

Na ce, "Malam, ka ɗauki wannan."

Ya ce, "Wannan abin wasan yaran? Wa zai kira ni mai hoto in na zaro wannan daga aljihu?"

Na ce, "To wa za ka ɗauka a garin nan? Rabin mutanenmu suna bayan katanga. Amare, masu jego, tsofaffi, duk a cikin gida suke, kai kuwa iyakarka zaure. Wannan ko ni zan iya shiga da ita."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Hajara ke nan. To in ke kika zama mai hoton, ni kuma in zauna in riƙa tuƙa tuwo?"

Ba zan zalunce shi ba tunda ba ya nan balle ya kare kansa. Mutum ne da aka kora daga aiki ba laifin tsaye ba na zaune, yana so ya ratsa gari da abu a rataye a wuya a ce ga wane. Yana hangen taron siyasa da wasannin makarantu da ɗaurin auren manya. Na gane haka tun a lokacin, kuma ganewar ba ta rage min haushi ba ko kaɗan, don tumakina ne za su sayi girman da yake nema.

Washegari ranar kasuwa ce, babanku ya fita, sai ga mahaifina ya biyo ya gaishe mu kamar yadda ya saba. Ya zauna a bakin zaure ya jingina sandarsa, na kawo masa fura. Ƙaramar kyamarar tana kan taga, da sauran fim a ciki wanda Malam Garba bai ƙarasa ba. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ɗauko ta na ce Baba ya ɗago. Ya ɗago yana dariya yana cewa wace sabuwar fitina ce kuma wannan, na ja baya taku uku na danna. Ban gaya wa kowa ba. Kashegari babanku ya mayar da ƙaramar ya riƙe babbar. Shi da bakinsa ya ba ni labari yana raha, wai Malam Garba ya tambaye shi sau biyu ko ya yi tunanin irin mutanen da zai riƙa ɗauka, shi kuwa ya ce masa namiji ba ya sayen abu don ya ba mace. Ku riƙe maganar hoton nan na Baba, zan dawo kanta.

Bayan an gama kaka Baba ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba turare, ba ɗaga murya, ba leƙa ko ƙofar gida. Baba bai bar ɗa namiji ba, don haka ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ya zama mai faɗa a gidan. Ba a fi wata guda da rasuwar ba sai ga masu awo da igiyoyinsu da turakan siminti, suka ce hukuma ta ɗauke duk gonakin gabashin gari za a yanka filayen gidaje, birni ya iso. A ciki har da gonar Inna. Ku lura da kyau, gonar ba ta Baba ba ce, ba ta gidansu Baffa ba ce. Tata ce ta kanta, gadon mahaifinta, da ɗorawa biyu a tsakiya. A nan take noma gyaɗarta da wakenta, da kalwar ɗorawar nan take daddawar da ta yi mana kayan ɗaki ni da ƙannena. Dagaci ya sa aka yi shela cewa duk mai gona za a ba shi fili ɗaya a sabuwar unguwar a madadin gonarsa, amma sai ya cika fom, ya manna hotonsa guda biyu ƙanana, ya kai wa kwamitin da zai zauna a makarantar firamare. Mako uku aka bayar, wanda ya wuce ya wuce.

Na ce a kira mai hoto daga birni. Baffa ya aiko daga zaure cewa ba wani ƙato da zai shiga kan mai takaba yana raye. Na ce to a kai ta da rana tsaka a lulluɓe a dawo da ita. Ya ce sai dai bayan ransa. Sannan ya ƙara da cewa me ake nema a nesa, ga surukinta mai hoto, wanda shari'a ta yarda ya shiga. Ban ce Baffa ya shirya abin da ya biyo baya ba, Allah ne masanin zuciya. Amma dattijo ne da ya girma a garin nan, ya san abin da ke tsakanin suruki da surukarsa sarai.

Ku da kuka tashi a birni, surukanku na zama kujera ɗaya da ku ana kallon talabijin, ba za ku gane ba sai na yi muku dalla-dalla. Shekara tara da aurenmu a lokacin, babanku bai taɓa kallon fuskar Inna ba. In ya hango ta a hanya sai ya ratse ta bayan gari. In gaisuwa ta kama dole, tun daga ƙofa zai tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ita kuma ta juya gefe ta amsa a ciki-ciki. Bai taɓa cin abinci a inda take ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ni kaina da nake 'yar farinta ba ta kiran sunana, sai dai ta ce ke 'yar nan. Wannan mutumin aka ce ya je ya tsaya a kanta, ya zuba mata ido, ya murɗa zobe har ƙwayar idonta ta fito. Da safen ranar da za a ɗauki hoton na sami babanku yana goge kyamara.

Na ce, "Malam, ka nuna min abin da ake murɗawa. Ni in shiga in ɗauka, kai ka tsaya a zaure."

Ya ce, "Wata uku na yi ina koyo, ke za ki iya kafin hantsi? In kika sake ta ta faɗi fa? Kuma a ji a gari an ce matata ce ta ɗauka?"

Na ce, "A ji mana. Gonar Inna ce fa."

Ya ja tsaki ya rataya jakarsa ya yi gaba, na bi shi a baya ina cizon leɓe.

Na rataya farin zane a jikin katanga inda rana ke bugawa, na ajiye kujera 'yar tsugunno, na shiga ɗaki na fito da Inna. Ta rame, ta yi zuru-zuru. Ta zauna mayafinta har haɓa. Babanku ya yi sallama ya durƙusa can bakin ƙofa ya yi ta'aziyya, ya ƙi matsowa. Da ya ga nisan ya yi yawa, maimakon ya tako sai ya buɗe jaka ya kwance matsakaicin idon ya ɗaura dogon nan, wanda aikinsa shi ne ya jawo abin da ke nesa ya kawo shi dab da hancinka. Na sunkuya na ce wa Inna sai ta buɗe fuska, in ba haka ba ba za su karɓa ba. Sannan, wallahi ina tsaye ina gani, ta sa hannu biyu ta janye mayafin ta mayar da shi bayan kunne, ta miƙe wuya, ta ɗago ta dubi surukinta ido cikin ido. Ni na san abin da wannan ya ci mata. Mace mai shekara sittin, cikin takaba, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka haife ta, saboda tana son gonarta. Wannan ita ce matar da kuke cewa ta ƙi hoto.

Babanku ya kara ido a tagar. Abin da ya gani shi ne idanun Inna cike da gilashin, kamar tana numfashi a fuskarsa. Na ga ya zabura, ya fizge kansa gefe yana salati, gumi na tsattsafo masa. Bai murɗa komai ba. Kansa na kallon rumbu, kyamara na kallon wajen Inna, ya danna sau ɗaya, ya sake dannawa, ya ce an gama. Na matsa kusa da shi na rage murya.

Na ce, "Ba ka duba ba. Ba ni in duba."

Ya ce, "A gaban Inna za ki yi min musu?"

Nan ya kashe min baki, kuma nan nawa laifin yake, ba zan ɓoye muku ba. Da na fizge kyamarar nan na kara idona na yi ta murɗe-murɗe, ko da sa'a da wani abu ya fito. Amma ni ma kunyar ce ta ɗaure ni. Yaya zan yi sa-in-sa da mijina a gaban uwata, a gidan makoki? Inna ta mayar da mayafinta ta ce Allah Ya yi albarka, ta koma ɗaki tana ganin ta fita haƙƙin gonarta.

Da an wanke hoton a washegari da an ga ɓarnar da sauran lokaci. To fim a wancan zamani ya yi tsada, ba a kai shi wanki birni sai ya cika, na cikin kyamarar kuwa ko rabi bai kai ba. Kullum sai na yi magana, kullum sai ya ce akwai wani suna ranar Asabar, akwai taron makaranta ranar Talata, bari ya cika. Ina ganin har da tsoro a ciki, ya san abin da ya yi, ba ya son ya gani. Kwanaki suka yi ta zubewa. Ana saura kwana biyu a rufe ya kai wanki, ya dawo da yamma ya ce min ba a gama ba. Ƙarya yake yi. Hotunan suna aljihunsa, ya kwana da su ya yini da su, kunya ta hana shi nunawa. Sai da safen ranar ƙarshe, ina shara, ya ajiye min ambulan a bakin murhu ya ɗauki kekensa ya bar garin.

Na buɗe. Na farkon farin zane ne da gefen rumbu. Na biyun wani dishi-dishi ne kamar an shafa toka a jiƙaƙƙen bango, ana ganin alamar kai da kafaɗa, ba ido ba hanci ba baki. Na zauna daɓas a ƙasa. Sauran hotunan fim ɗin kuwa duk sun fito ras, har da na Baffa, wanda ya zo a ɗauke shi saboda fom ɗin tasa gonar. Shi babanku ya kalle shi da kyau, ya murɗa zobensa a natse, har furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa. An wanke masa guda huɗu, babanku ya kai masa nasa tun ranar da ya dawo daga wanki, ya yi amfani da biyu, biyu suna aljihunsa.

Na zari mayafi, Sani yana goye a bayana, na nufi makarantar firamare da ƙafa. Layin ya kai bakin titi. Rana ta take sosai kafin na isa gaban teburin. Ma'aikacin ya karɓi fom ɗin, ya ɗaga hoton sama ya karkata kai, ya nuna wa na kusa da shi suka yi dariya.

Ya ce, "Baiwar Allah, wannan mutum ne ko buhun gero?"

Na ce, "Uwata ce, ranka ya daɗe. Takaba take yi. Gonarta ce mai ɗorawa biyu, kowa a layin nan ya sani."

Ya ce, "Ni ban san ɗorawa ba, fuska na sani. In tana raye ki kawo ta nan kafin la'asar in gan ta da idona, in rubuta, ta kawo hoto daga baya. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Na dawo da gudu-gudu sauri-sauri. Baffa na zaune a zaure kamar mai jirana. Ban ko gaishe shi ba na wuce ciki, na durƙusa gaban Inna na gaya mata komai, na ce ta tashi mu tafi, tafiyar ba ta fi ta zuwa rijiya sau biyu ba. Daga zaure Baffa ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce duk macen da ta taka waje cikin takabar ɗan'uwansa kada ta dawo gidan nan. Inna ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ubanki ko wata biyu bai yi a ƙasa ba. In ratsa gari in tsaya gaban maza, a ce na fifita gona a kansa? Na yi abin da kika ce in yi. Ba an ɗauka ba?"

Na ce, "An ɗauka, Inna, bai fito ba."

Ta ce, "To Allah bai nufa ba."

Sai Baffa ya sassauta murya, ya ce kada a tayar da hankali, ga mafita. Yana da ragowar hotuna biyu, a manna su a fom ɗin Inna a matsayin wakili, ya riƙe mata amana, in ta fita takaba a gyara. La'asar na matsowa, ba ni da miji a gari, ba ni da wa. Da hannuna na ɓamɓare hoton Inna daga fom ɗin, da hannuna na miƙa masa fom ɗin. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da Inna ta fita takaba ta aika masa sau ɗaya a kan maganar. Ya ce a tambaye ta fuskar wa ke jikin takarda. Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah. Filin shi ne inda 'ya'yan Baffa suka yi benen nan mai koren ƙyaure, wanda kuke zuwa gaisuwar Salla a ba ku lemo ku dawo kuna yaba kirkinsu. Ɗorawar biyu an sare su tun shekarar farko. Kakar da ta biyo baya ina dawowa daga Tofa na hango wata tsohuwa a sunkuye a gonar mutane bayan an kwashe gyaɗa, tana tona ƙasa da tsinke tana kala. Sai da na matso na ga Inna ce. Matar da take fitar da zakka daga gonarta ta kanta, ita ce take tsintar abin da wasu suka bari. Ta gan ni, na gan ta, ta juya baya ta ci gaba, ni ma na wuce kamar ban gane ta ba don kada in ƙara mata. Na yi kuka tun daga nan har gida. Bayan shekaru, da na shiga Islamiyya, malaminmu ya karanta mana cewa mai takaba tana iya fita da rana in buƙata ta kama. Na tashi na bar ajin, don na ji in na zauna zan yi ihu.

Babanku bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, ba irinsu ba ne. Amma bayan shekara uku, ranar wata Laraba, na shiga ɗaki na tarar da wata ƙaramar kyamara irin waccan a kan gadona, sabuwa a kwalinta. Da ita na shiga gidajen garin nan da na maƙwabta shekara ashirin, ina ɗaukar amare da masu jego da mata masu niyyar Makka, da ita aka yi rabin karatunku, duk da allon da ke ƙofar shago sunansa ne a jiki. Ranar da na fara fita da ita gidan Inna na nufa. Na ce ta zauna in ɗauke ta, ni da ita kawai, ba kowa. Ta dubi kyamarar ta dube ni.

Ta ce, "An ɗauka sau ɗaya, ya isa."

Na roƙe ta ya fi sau goma a shekarun da suka rage mata, amsar ba ta canza ba. Wannan ƙin kuka tarar kuna yara, shi kuka ɗauka kuka yi masa rawani kuka kira shi tsoron Allah. Babanku yana ji kuna faɗa bai taɓa gyara muku ba, ni ma ban gyara ba don in rufa masa asiri. Na yafe masa tun yana raye, na kuma yi masa addu'a yau da asuba kamar kullum. Amma yafiya daban, ƙarya daban, ba zan bari ku gadar wa Ummi ita ba. Ita kuwa Ummi, ta sayi duk wadda ta ga dama, kuɗin ubanta ne. Abin da kawai zan ce mata, kafin ta zaɓa ta zauna ta yi tunanin gaban wa za ta tsaya da ita, kuma hannun wa za ta iya miƙa wa in ta kasa.

Na ce zan dawo kan hoton Baba. Bayan rasuwarsa da 'yan watanni Malam Garba ya wanke fim ɗin ƙaramar kyamarar da aka mayar masa, ya ga wani dattijo yana dariya a bakin zaure, ya gane gidanmu ne ya aiko da shi. Shi ne hoton da kowannenku ya faɗaɗa ya rataye a falo, kuna nuna wa baƙi kuna cewa ku dubi hannun babanmu, ku dubi aikin babbar kyamara. Ni na ɗauke shi, da abin wasan yaran, da kwanon fura a ɗaya hannun. Na babanku shi ne wannan da na sa a cikin ambulan tare da takardun nan, har yanzu da busasshen gam a bayansa. Shekara arba'in yana ƙasan akwatina. Sani, ka kai a faɗaɗa shi daidai girman wancan, ka rataye su gefe da gefe a saman kabad ɗin nan naka. In baƙo ya tambaya wace ce wannan da ba a ganin fuskarta, kada ka sake ce masa ta ƙi hoto. Ka ce Inna ce, ta zauna, ta buɗe fuskarta, ba a kalle ta ba.